Daga Sanyin Randa Zuwa Wutar Masu Zinari



Duk wanda ya taɓa yin watan Afrilu a Anka ya san bazara. Kafin azahar kwanon rufi ya ɗauki wuta, ƙasa ba ta takuwa sai da takalmi, ma'aunin zafi ya haye digiri 40. Mutum ya shigo gida a galabaice, ya nufi gindin randa, ya ɗebi ruwa da moɗa, ya ji sanyinsa har tsakiyar kai. Babu lantarki, babu ƙanƙara. To daga ina wannan sanyi ya fito?

Masana kimiyya sun gano cewa ruwa da iska da ƙarfe da jikinmu duka an gina su da wasu ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, waɗanda kullum cikin motsi suke. Wannan motsi shi muke ji mu kira zafi. Idan ya yi sauri mu ce abu ya yi zafi, idan ya lafa mu ce ya huce. Jikin randa yana da ƙananan kafofi, ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu, sai ƙwayoyin da suka fi saurin motsi su tashi su bi iska, su tafi da zafin, su bar sauran a sanyaye. Shi ya sa randa ta fi sanyi lokacin da iska ta bushe, da damina kuwa sai ta rage. Aikin da zufa take yi a jikinmu ke nan. Da wannan hikima ta kakanninmu wani malami daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya sa tukunya cikin tukunya, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, tumatir da tattasai suka riƙa kwanaki ba su lalace ba, har aka ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

Tunda zafi motsi ne, sanyi yana da iyaka, domin motsi in ya yi ta raguwa dole ya kai inda ba sauran abin ragewa. Wani masani ɗan Birtaniya, Lord Kelvin, ya kafa ma'auninsa a kan wannan iyaka a 1848, kuma tana nan a digiri 273.15 ƙasa da sifili. Har yau ba wanda ya taka ta, ko da yake a ɗakunan bincike an matsa kusa da ita har tazarar ba ta kai kashi ɗaya cikin biliyan na digiri ba. Sanyin yanayi mafi tsanani da ma'auni ya taɓa nunawa a doron ƙasa shi ne digiri 89.2 ƙasa da sifili, a tashar Vostok da ke Antatika, ranar 21 ga Yulin 1983. Hunturunmu da yake sa dattawa hura wuta da asuba ko ruwa ba ya daskararwa.

Ta ɓangaren zafi kuwa hanya a buɗe take. An auna digiri 56.7 a wani kwari na Kalifoniya ta Amurka a 1913, an auna 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali a Afrilun 2024. Fuskar rana ta kai wajen digiri 5,500, cikinta kuma miliyan 15. A 2012, cibiyar bincike ta CERN kusa da Jeneba ta sanar da cewa an gwara ƙwayoyin dalma da juna har aka samu zafin da ya haura digiri tiriliyan 5, na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Ɗan Adam kuwa, Allah cikin ikonsa ya ajiye jikinsa a digiri 37. Ƙarin digiri uku kacal ya isa uwa ta goya yaro ta nufi asibiti da gudu.

Amma abin da ya sa na ɗauko wannan magana yana nan kusa da mu. Kowane ƙarfe yana da digirin da yake narkewa da wanda yake tafasa, kuma 'yan'uwanmu masu aikin zinari a Anka da Bukkuyum da wannan ilimi suke cin abinci, ko da ba su karanta shi a aji ba. Bayan an niƙa dutse an wanke, sai a zuba zaiba, ta kama ƙwayoyin zinari. A matse cikin ƙyalle, a fito da ɗan dunƙule mai ƙyalli kamar azurfa, a ɗora a cokali ko shebur bisa garwashi. Zaiba tana tafasa a digiri 357, shi kuwa zinari ba ya narkewa sai a 1,064. Wutar gawayi ta isa ta kori zaiba, zinari ya zauna daram. Yaro ya durƙusa, fuskarsa dab da garwashin yana hurawa, yana jiran dunƙulen ya koma rawaya.

Ina zaibar ta tafi? Sau da yawa za ka ji an ce ta ƙone. Wallahi ba ta ƙone ba. Tururi ta zama, mara launi mara wari, kuma mafi yawan wanda mutum ya shaƙa yana ratsa huhu ya shiga jini, ya isa ƙwaƙwalwa da ƙoda. Daga baya a ga hannu yana rawa, mantuwa ta yi yawa, fushi ba dalili. Mace mai ciki in tana wurin, har abin da ke cikinta ba ya tsira. Wanda ba a shaƙa ba kuma, da ya huce sai ya sauka a bango, a tabarma, a kwanon abinci. Ko ba wuta ma, kwalbar zaiba da aka bari a buɗe cikin ɗaki tana fitar da tururi a hankali, zafin bazara kuma yana ƙara mata sauri.

Mu mutanen wannan yanki ba sai an ba mu labarin guba ba. A 2010 ƙurar dalma daga duwatsun da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Bagega da Yargalma, sai da likitocin agaji na MSF suka zo, aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. A lokacin mun koyi fitar da dutse daga tsakar gida. Wutar zaiba ma lokaci ya yi da za ta bi shi waje, nesa da mata da yara, mai ƙonawa kuma ya ba iska baya.

Akwai ma dabarar da ta fi wannan, kuma kowane mai walda a Anka ko Gummi zai iya haɗa ta da bututun famfo. A rufe dunƙulen cikin ɗan ƙoƙon ƙarfe mai murfi, a jona masa lanƙwasasshen bututu da zai gangara zuwa kwanon ruwa. Tururin yana bin bututun sai ya huce, ya koma ruwan zaiba, ya ɗiga cikin kwano. Mai aiki ya kwashe abarsa ya sake amfani da ita gobe, kuɗin sayen wata ya zauna a aljihunsa, huhun ɗansa ya huta. Ina roƙon sarakunanmu da limamai da shugabannin masu haƙa su sa a ƙera guda ɗaya, a gwada ta a gaban jama'a ranar kasuwa.

Mu kwana nan, Allah ya ba mu lafiya da zaman lafiya.