Tsohuwar Motar Lantarki: A Duba Batiri Kafin A Biya Kuɗi

Injin tsohuwar Nissan Leaf ba ya buƙatar baƙin mai, kuma da wuya ya lalace. Matsalar tana wajen batiri. Samfurin da ya fito a 2010 ba shi da tsarin sanyaya batiri da ruwa, don haka zafi irin na Kano a watan Afrilu na saurin cinye ƙarfinsa.

Kada mai saye ya dogara da bakin dillali. Manhajar LeafSpy da 'yar na'urar OBD2 za su nuna masa lafiyar batirin a wayarsa.

Canza ƙaramin batiri mai volt 12, mai mota zai iya da kansa. Amma wayoyin wuta masu ruwan lemo suna ɗauke da sama da volt 350. Bidiyon YouTube bai isa a taɓa su ba, sai ƙwararre, domin kuskure ɗaya na iya kisa.