Wa Ya Taɓa Takardar Nan?

Duk wanda ya yi aikin gwamnati a zamanin da ake ɗaure fayil da zare ya san cewa takarda ba ta shiga ba ta fita sai da shaida. Akawu zai sa wa kowane shafi lamba, babban jami'i ya rubuta ra'ayinsa ya sa hannu da kwanan wata, in kuwa wani ya zare shafi ɗaya, lambar da ta ɓace ita za ta tona masa asiri. Da kwamfuta ta shigo ofisoshi sai aka sami sauri, aka kuma yi asarar wannan shaida. Yau ma'aikaci kan buɗe takarda ya canja adadi ya adana, tsohon adadin ya tafi ke nan. Abin da kan rage shi ne tarin kofe, wannan an sa masa suna "na ƙarshe", wancan "na ƙarshe sabo", ba wanda zai iya rantsuwa a kan wanne ne na gaskiya.

Jama'a ba su manta da watan Janairu na 2016 ba, sa'ad da Majalisar Dattawa ta yi kwanaki tana cece-kuce a kan kasafin kuɗin da Shugaba Muhammadu Buhari ya gabatar ranar 22 ga Disamba, 2015. Da fari aka ce takardar ta ɓata, daga baya aka ce iri biyu ne ke yawo. Tambayar da ta gagari kowa a lokacin gajera ce: wa ya canja me, kuma yaushe?

Abin takaicin shi ne masu rubuta manhajar kwamfuta sun daɗe da samun maganin wannan ciwo. Tun a 1972 Marc Rochkind na ɗakin binciken Bell a Amurka ya ƙera SCCS domin adana tarihin gyare-gyaren fayil. A 1982 Walter Tichy na Jami'ar Purdue ya fito da RCS, wanda ke ajiye sabon rubutu cikakke, sa'an nan ya riƙe bambancin da ke tsakaninsa da na baya, ta yadda za a iya komawa ga kowane tsohon kofe. A 2005 kuma, bayan an janye wa masu aikin Linux izinin amfani da BitKeeper kyauta, Linus Torvalds ya rubuta Git, wanda a yau shi ne ya fi yaɗuwa a duniya. Kyauta ne, ba a biyan ko kwabo.

Aikinsa ba shi da wuyar ganewa. Mutum ya gama gyara, sai ya buga umarnin git commit, ya rubuta dalilin gyaran, na'ura ta haɗa da sunansa da ranar da sa'ar. Umarnin git log zai jero tarihin duka tun daga ranar farko. Umarnin git diff zai nuna layin da aka cire da wanda aka sa a madadinsa. Akwai kuma git blame, mai nuna sunan wanda ya taɓa kowane layi a ƙarshe, kuma shi ne wanda mai hannu a ɓarna ba zai so a koya wa kowa ba. Bugu da ƙari, kowane gyara yana da hatiminsa na haruffa da lambobi 40, wanda ake lissafowa daga abin da ke cikin fayilolin da kuma hatimin gyaran da ya gabace shi. Wanda ya koma baya ya taɓa tsohon adadi, to duk hatiman da suka biyo baya za su canja, kuma duk mai riƙe da kofen tarihin zai gani. Lambar shafin akawu ce ta dawo da wani sabon ƙarfi.

Masu ƙorafi kan ce baƙin allon nan da ake buga umarni a kai na gwanaye ne kawai. Wannan tsoro ne na banza. Umarnin da ake bukata yau da kullum ba su kai goma ba, kuma sakatarorin da suka iya gajeren rubutu da keken buga takarda sun koyi abin da ya fi haka wuya. Ga shi kuma yana aiki ko babu intanet, domin tarihin duka yana cikin kwamfutar mutum, sai ranar da layi ya samu a aika wa sauran.

Gaskiya ne akwai inda gizo ke saƙa. Git ya fi jin daɗin rubutu tsantsa. Zai adana fayil ɗin Word ko Excel, amma ba zai nuna bambancinsu layi bi layi ba sai an yi masa wani shiri. Haka kuma mutum na iya sa sunan wani a kan gyaransa, sai fa in an wajabta sa hannu da mabuɗin sirri, wanda Git ya tanada. Sa'an nan na'ura ba ta tilasta wa malalaci rubuta dalili mai ma'ana. Wanda ya rubuta "gyara" kawai sau ɗari bai bar wa na baya komai ba. Duk waɗannan, doka ce ta ofis za ta magance su.

An kuwa riga an gwada. Majalisar birnin Washinton tana ajiye kundin dokokinta ta wannan hanya a GitHub, har a 2018 wani mazaunin birnin ya hango kuskuren rubutu a cikin dokar, ya aika da gyara, aka duba aka karɓa, sunansa na nan a tarihin.

Saboda haka ya kamata ofisoshin shugabannin ma'aikata, na tarayya da na jihohi, su fara da wurare biyu: sashen tsara dokoki na ma'aikatun shari'a, da ofisoshin kasafin kuɗi. A horar da ma'aikatansu, a hana karɓar kowane gyara marar dalili da sa hannu, a kuma ajiye kofen tarihin a wurin akawun majalisa da wurin babban mai binciken kuɗi, domin kada ya zama a hannun ofis ɗaya kaɗai.