Na'urar Ɗaukar Hoto a Motocin Kasuwanci: Yawan Kyamara Ba Shi Ne Shaida Ba

Sanin kowa ne cewa daga lokacin da mota ta bar tasha ko harabar kamfani, mai ita ba ya da wani labari game da dukiyarsa sai wanda direba ya ga damar ba shi. Wannan ne ya sa masu tireloli, tankokin mai da manyan bas-bas suka fara karkata ga na'urar da ke ɗaukar hoton bidiyo ta fuskoki da dama: gaba, baya, gefe, da kuma cikin ɗakin direba. Ko shakka babu wannan mataki ne mai kyau. Abin damuwa shi ne yadda ake sayen na'urar, domin galibi tambayar da ake yi wa mai shago ba ta wuce "kyamara nawa ce, kuma nawa ne kuɗinta?"

A ganinmu, tambayar da ta kamata ita ce: ranar da aka yi haɗari, ko kaya suka yi ɓatan dabo, za a sami hoton, kuma kotu za ta karɓe shi?

Batun ba ƙarami ba ne. A watan Janairun 2023 Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa ta ɗaga kuɗin inshorar dole ta ƙananan motoci daga Naira 5,000 zuwa Naira 15,000, ta kuma sanya iyakar diyyar ɓarnar dukiya a kan Naira miliyan 3. Duk wanda ya leƙa kasuwar motoci ya san inda wannan kuɗi zai tsaya. Ragowar kuwa tana wuyan wanda aka ɗora wa laifi, kuma a bakin titi babbar mota ake fara nunawa da yatsa.

Abokin gabar farko shi ne zafi. A watannin Maris da Afrilu zafin rana a Sakkwato ko Maiduguri yakan haura digiri 40, cikin motar da aka rufe kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba, musamman jikin gilashin gaba inda ake liƙa kyamara. Na'urori masu araha suna ɗauke da ƙaramin batirin litiyam wanda zafi ke kumbura shi. Wanda ya san abin da yake yi zai nemi mai ma'ajiyar wuta da ake kira kafasita, wadda ta fi jure zafi, kuma take riƙe wutar da za ta ishi na'urar ta adana hoton ƙarshe idan karo ya katse batirin mota.

Sai ma'ajiyar hoto, inda mafi yawan asara take ɓoye. Waɗannan na'urori suna share tsohon hoto ne su ɗora sabo da zarar katin ajiya ya cika. Kyamara ɗaya mai fitar da hoto tangaram tana iya cin gigabait 5 zuwa 6 a awa guda. In an haɗa huɗu, katin gigabait 128 ba zai kai awa bakwai ba. To, tirelar da ta taso daga Apapa zuwa Kano, tafiyar da ta haura kilomita 1,000 kuma take ɗaukar kwanaki, kafin ta iso gida abin da ya faru a Jebba ko Mokwa ya daɗe da gogewa. Gaskiya ne na'urar takan kulle hoton da kanta idan ta ji girgizar karo, amma zuƙe mai da sauke buhuna ba sa girgiza mota. Mai dogon zango yana bukatar akwatin ajiya babba, marar faifai mai juyawa domin ramukan hanya na lalata irin wannan, kuma katin ya kasance irin wanda aka ƙera don rubutu dare da rana, ba na wayar hannu ba. Jabun kati ma ya cika kasuwa, yana nuna girman da ba shi da shi.

Wajen sanyawa, a guji sake-saken waya. Ƙananan motoci na aiki da wutar bolt 12, yawancin manyan motoci kuwa 24, saboda haka a duba abin da na'urar ke ɗauka. A ja wutar daga akwatin fis ta hannun ƙwararren mai gyaran wutar mota, tare da abin da zai katse ta kafin ta shanye batir idan mota na ajiye. Wadda aka soka a ramin kunna taba, yaron mota ma zai iya zare ta ya yi cajin waya.

Ta fuskar shari'a, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya amince da shaidar da ta fito daga na'ura, amma bisa sharaɗin a nuna cewa na'urar tana aiki daidai a lokacin, tare da takardar tabbaci daga wanda ke da alhakin kula da ita. Hoton da ke ɗauke da kwanan wata na bogi, domin ba wanda ya saita agogon, lauyan ɗaya ɓangaren zai yi maraba da shi. Na'ura mai haɗe da tauraron ɗan'adam tana saita agogonta da kanta, tana kuma rubuta wuri da gudun mota. Sai dai mai mota ya sani, gudun da ta rubuta zai iya zama shaida a kan direbansa. Haka kuma Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta sa ya wajaba kamfani ya sanar da direbobi da fasinjoji cewa ana ɗaukar hotonsu, ya kuma hana ma'aikata watsa shi a Facebook.

Direbobi da dama suna kallon kyamarar ciki a matsayin rashin yarda, kuma wanda aka sanya wa ita ba da saninsa ba ya san inda zai rataya hularsa. Gara a zauna da su, a nuna masu cewa hoton nan ne zai wanke su ranar da aka yi masu ƙage a shingen hanya. Amma akwatin ajiyar ya kasance a kulle, mabuɗin yana ofis, a hannun mutum ɗaya da zai riƙa buɗe hoton kowace mota duk lokacin da ta dawo, domin kati yakan mutu shiru alhali fitilar na'urar tana ci gaba da haskawa.