Doka kaɗai ba ta riƙe likitan ƙwaƙwalwa

A watan Janairun 2023 shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 ta zamanin Turawa. Dokar ta kare haƙƙin majiyyata, amma ba ta ƙara yawan masu duba su ba. Ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 200, likitocin ƙwaƙwalwarta ba su kai 300 ba, kuma wasunsu na ci gaba da tafiya Ingila, Kanada da Saudiyya.

Bayan wata uku, ɗan majalisar wakilai Ganiyu Johnson ya kawo ƙudurin da zai tilasta wa duk likitan da ya yi karatu a ƙasar yin aikin shekara 5 a gida kafin a ba shi cikakken lasisi. Likitoci suka ƙi amincewa, ƙudurin kuma bai zama doka ba. Sun yi gaskiya. Wanda aka tsare da ƙarfi kwana kawai yake ƙirgawa, ranar da wa'adi ya cika ya ɗauki jakarsa.

Darasin ya shafi Nijar kai tsaye. Ita da Najeriya duk suna cikin ƙasashe 55 da hukumar lafiya ta duniya ta lissafa a 2023 cewa suna fama da ƙarancin ma'aikatan lafiya. A nan, yawancin ƙwararrun suna Yamai, alhali buƙata na ƙaruwa a Maradi, Damagaram da Tawa: matasan da tramol ya kama, ƴan gudun hijirar da suka ga kisa da idonsu, da ƴan ci-ranin da suka dawo daga Libiya da Aljeriya cikin damuwa. Iyalin da bai samu likita ba, sau da yawa mari yake sa wa ɗansa.

Horar da likitan ƙwaƙwalwa guda yakan ci sama da shekara 10. Dokar da ke son riƙe shi sai ta rubuta abin da gwamnati za ta ba shi: ɗauka aiki da zarar ya kammala, albashi a kan lokaci, alawus da gida ga wanda ya yarda ya zauna a jihohi, da magani a asibiti. Wanda gwamnati ta biya wa karatu yana iya sa hannu kan yarjejeniyar yin aiki a gida, amma tun ranar farko, da yardarsa. Ƙwararrun da ke waje kuma a buɗe musu ƙofar koyarwa da duba marasa lafiya ta intanet.

Hukumomin Yamai suna da damar kauce wa kuskuren maƙwabta. Kafin a rubuta dokar hana tafiya, a fara rubuta kasafin da zai sa zama ya fi tafiya riba.