Masu Sallama a Zaure: Wa Ke Biyan Bashin Alkawarin Zaɓe?

Sharhinmu na yau a kan wasu mutane ne da ba a taɓa jin sunansu idan hukumar zaɓe ta CENI na karanta sakamakon zaɓe, wato masu bi gida-gida suna nema wa ɗan takara ƙuri'a.

Wani zai ce me ya kawo wannan magana yanzu, alhali an dakatar da harkokin jam'iyyu bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kuma a watan Maris na 2025 aka rushe su baki ɗaya? To, ai sai kasuwa ta watse ake ƙirga riba da faɗuwa. Ana tsakiyar yaƙin neman zaɓe, ƙarar lasifika ba ta barin kowa ya ji kowa.

A Damagaram ba a buga wa mutum ƙofa. Sallama ake yi a zaure, a jira yaro ya leƙo ya ce maigida yana ciki ko ya fita. Baƙo namiji kuwa iyakarsa zauren nan, ga shi rabin ƙuri'un gidan suna can ciki. Shi ya sa duk jam'iyyar da ta san kan aikinta, a Birni ne ko Zango ko Garin Malam, mata take turawa. Mace ce za ta kutsa har tsakar gida, ta gaida uwargida kafin amarya, ta tambayi jikin mai jego, ta zauna a tabarma ta sha ruwa, sannan ta kwance bakin zane ta fito da hoto. Za ta nuna wa tsohuwar da ba ta karatu alamar jam'iyya da launinta, ta koya mata yadda za ta yi kada takardarta ta lalace. A zaɓen 2020, da aka shigo da katin zaɓe mai hoto da zanen yatsa, tambayar farko ma ba ta ɗan takara ba ce. "Hajiya, kin karɓo katinki kuwa?"

Samari su ma suna da nasu fagen: fadar shayi, tashar ƴan kabu-kabu, bakin masallaci bayan isha'i. Ban sa matasan "pale", wato ƴan daba, na unguwar Kara-Kara a wannan lissafi ba, waɗanda Aïcha Macky ta nuna rayuwarsu a fim ɗinta mai suna Zinder a 2021. Ɗan siyasar da ya neme su ranar gangami ƙarfinsu ya ɗauka haya, ba sa kai ya nema ba.

Aikin ya daɗe a garin nan. A ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumban 1958, lokacin da Djibo Bakary da jam'iyyar Sawaba suka ce a kaɗa "a'a" ga De Gaulle, direbobi da teloli da ƴan tireda ne suka yi ta kai saƙon baki da baki. An kayar da su, a 1959 aka haramta jam'iyyar, kuma ƙananan magoya baya ne suka fi shan wuya. A ƙetaren iyaka, Hajiya Gambo Sawaba ta NEPU ta yi ta shiga gidajen kulle tana yi wa mata bayanin siyasa, ta sha ɗauri a kan haka. A 1993 kuma kiran "canji" ya bi lungu-lungu har Mahamane Ousmane na CDS-Rahama ya kayar da Tandja Mamadou a zagaye na biyu, ranar 27 ga Maris.

Turawa ma sun gwada abin da awo. A 1998 wasu malaman jami'ar Yale, Gerber da Green, sun yi gwaji a birnin New Haven na Amurka, suka gano ziyarar ido da ido ta fi wasiƙa da buga waya fito da mutane rumfar zaɓe nesa ba kusa ba. Sai dai mai sa kai a can ƙofar baƙo yake zuwa, da wuya su sake haɗuwa. Tamu kuwa gidan da take zuwa suna da biki da zaman makoki take shiga. An buɗe mata ne saboda an san uwarta, an san mijinta, an san ba ta ƙarya. Mutuncinta take jinginarwa, ɗan takara ya kwashe kuɗin jinginar.

Ku ɗauki maganar ruwa. Da wuya a yi zaɓe a Damagaram ba a yi alkawarin ruwan famfo ba. An yi ayyukan ruwa na Gogo da Machaya, an yi na Arunguza, amma bazara na kamawa jarkoki su yi layi, ƴan garuwa su ɗaga farashi. Wanda aka zaɓa ya tare a Yamai, wayarsa a kashe. Wadda ta kai alkawarin tana nan a unguwa, ita ma da jarkarta a layi, maƙwabciya ta juyo ta ce, "Ke, ina ruwan da kika ce mana?" Kuma ba za a ce laifin bare ba ne: a zagaye na biyu na 21 ga Fabrairun 2021, Mahamane Ousmane da Mohamed Bazoum, wanda mazaɓarsa Tasker ce, duk jihar Damagaram ce tushen siyasarsu.

Ban ga laifin wanda ya wuni yana yawo a rana ya karɓi kuɗin mai ko na abinci ba. Inda abin ya ɓaci shi ne ranar da aka ɗora wa matar da ke bin gidajen sabulu da turmin atamfa da jika biyu-biyu ta rarraba. Daga ranar ba a ƙara sauraron bakinta, hannunta ake kallo, kuma gobe wadda ta zo da jika uku ita za a shimfiɗa wa tabarma.

Abin da ya fi damuna shi ne saƙon hanya ɗaya yake bi, daga ofishin jam'iyya zuwa tsakar gida. Alhali babu jami'in ƙididdigar da ya kai matar nan sanin unguwa. Ta san gidan da yaro ya gama makaranta ya rasa aiki, da wanda maigida ya tafi cirani Libiya ko Aljeriya shekara biyu ba labari. A Faransa a 2016, kafin Emmanuel Macron ya bayyana takararsa, magoya bayansa sun bi gidaje da tambaya maimakon alkawari: me ke tafiya daidai a ƙasar, me ya lalace? A rubuce suka mayar da amsoshin. Ko me mutum ke gani game da Macron, kuma mu a nan muna da abin faɗa da yawa, dabarar ba ta Faransa ba ce ita kaɗai.

Duk ranar da aka sake buɗe fagen siyasa, za a sake neman matan nan, don lasifika ba ta shiga ɗakin amarya. Ina ba su shawara, kafin su karɓi hoton kowa, su nemi a ba su littafi da biro na rubuta koke, su kuma sa ɗan takara ya faɗa a gaban mai unguwa watan da zai dawo ya zauna a zauren da aka yi sallama da sunansa.