Daskararrun kaji da dawar Simsim: takardar lafiya a tashar ruwa, zafin rana a kan hanya

Kafin yaƙi yawancin manyan gonakin kajin Sudan a kewayen Khartoum suke, kuma abincin waɗannan kaji shi ne dawa nau'in fatarita, da tunkuzar gyaɗa da ta riɗi, da dusar alkama. Babban rumbun wannan dawa shi ne jihar Gadarif, inda yankin Simsim yake, wanda tun ƙarshen shekarun 1960 aka yanka shi manyan gonaki na noman tarakta da bashin Bankin Duniya. Hausawan jihar, jikokin mahajjata da na waɗanda suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, suna cikin masu noma da girbi da dako a wannan harka.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya tarwatsa gonakin kajin Khartoum. Gadarif ta ci gaba da zama a hannun sojojin gwamnati, sojojin kuma sun sake karɓe babban birnin a watan Maris na 2025, amma ba a tayar da gonar kaji da sanarwa. Sai an samu 'yan tsaki, da wuta, da allurai, da jari. Duk ƙasar da ta tsinci kanta a irin wannan giɓi, abin da ke ƙwanƙwasa mata ƙofa shi ne kwantenar daskararrun kaji daga ƙetare, masu arha, masu ɗauke da takardar shaidar lafiya da ta halal. Manomin Simsim yana da ruwa da tsaki a nan ta fuska biyu: kazar da aka yi kiwonta a wata nahiya ba ta ci ƙwayar dawarsa ko ɗaya ba, sannan shi da iyalinsa suna cikin masu cin naman.

A ƙasashe masu arziki, gardamar lafiyar kaji a mayanka ta tsaya. Tun 1997 Tarayyar Turai ta hana shigo da kajin Amurka saboda ana wanke su da ruwan sinadarin kulorin bayan yanka. Turawan ba su ce sinadarin guba ba ne. Hukumarsu ta kula da lafiyar abinci ma ta ce ɗan abin da ke saura a jikin naman ba abin tsoro ba ne. Hujjarsu ita ce wankin ƙarshe yana iya rufa asirin ƙazantar da aka tara tun daga keji. Amurka ta kai ƙara Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya a 2009, shari'ar ta kwanta ba a yanke ba. Da Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai sai maganar ta sake tashi, amma a yarjejeniyar da ta ƙulla da Amurka a watan Mayun 2025 ta buɗe ƙofa ga naman shanu da man itanol, ta bar dokar kaji yadda take.

Birtaniya na da ƙarfin cewa a'a. Abin da ya faru da Afirka ta Kudu ya fi kama da halin da ƙasashen nahiyar ke ciki. Tun shekarar 2000 ta ɗora haraji mai nauyi a kan cinyoyin kajin Amurka, bisa zargin ana zubar mata da su a ƙasa da farashin gaskiya. Da lokacin sabunta shirin AGOA ya zo a 2015, shirin da ke bai wa kayan Afirka damar shiga Amurka ba haraji, sai aka ɗaura kaji a wuyansa. Afirka ta Kudu ta amince da tan 65,000 a shekara, sannan ta ja da baya a kan murar tsuntsaye da ƙwayar cutar salmonela. A watan Nuwamba shugaba Barack Obama ya yi barazanar cire kayan gonarta daga shirin. Zuwa farkon 2016 an daidaita, kajin suka iso. Ƙawance ne tsakanin ƙasashen biyu, amma sabo da kaza ba ya hana yanka. Ƙa'idar lafiya ta zama abin ciniki, aka auna ta da lemu da ruwan inabin da ake sayar wa Amurka.

Dalilin da ya sa ƙa'idar lafiya ta zama fagen daga a bayyane yake. Yarjejeniyoyin kasuwanci suna sauke kuɗin fito, idan kuɗin fito ya sauka kuwa, ƙofar da ta rage ita ce ta likitan dabbobi. Dokar Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya ta 1995 ta yarda ƙasa ta hana abinci shigowa don kare lafiya, da sharaɗin ta kawo hujjar kimiyya ko ta jingina da ma'aunin duniya. Sudan ba mamba ba ce. Tun 1994 take neman shiga. Amma tana cikin COMESA ta gabashi da kudancin Afirka, tana kuma cikin yankin ciniki maras shinge na ƙasashen Larabawa, kuma duka biyun sun tanadi sauke haraji tsakanin mambobi. Ke nan hukumar auna ingancin kayayyaki ta Sudan da ma'aikatar dabbobi su ne masu tsaron ƙofa, bayan da yaƙi ya kori ma'aikatu daga Khartoum zuwa Port Sudan a 2023, ya kuma lalata ɗakunan gwaje-gwaje.

To ko da a ce takardar ta inganta, abin da take shaida shi ne halin naman a ranar da ya bar mayanka. Ma'aunin duniya ya ce daskararren nama ya zauna a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili tun daga masana'anta har hannun mai saye. Daga Port Sudan zuwa Gadarif, ta Kassala, tafiyar kusan kilomita 800 ce a ƙasar da zafi ke haura digiri 40, daga Gadarif kuma sai a gangara kudu zuwa Simsim a kan baƙar laka wadda ke riƙe mota da damina. A watan Janairun 2025 jirage marasa matuƙa sun kai hari tashar lantarki ta Shuwak, Gadarif da Kassala suka shiga duhu. A watan Mayu aka kai wa rumbunan man fetur na Port Sudan. Kazar da ta narke a hanya aka sake daskarar da ita, kamanninta ɗaya da wadda ba ta taɓa narkewa ba. Sanyi ba ya kashe salmonela, kwantar da ita yake yi, da zarar naman ya ɗumama ta ci gaba da hayayyafa. Babu babin yarjejeniyar da ke bin mota zuwa kasuwar ƙauye.

Kamaru ta auna wannan da alƙaluma. A 2004 ƙungiyar ACDIC, ƙarƙashin Bernard Njonga, ta sayo samfurin daskararrun kaji 200 daga kasuwanni ta kai Cibiyar Pasteur ta Yawunde. Sakamakon ya nuna kashi 83.5 cikin ɗari ba su dace da cin ɗan Adam ba. Yawancin naman daga Turai ya fito, nahiyar da ke taƙama da tsauraran dokoki, kuma ragowar yanka ne: Bature ya ci ƙirji, ya auno wa Afirka fukafukai da cinya da ƙashin baya. Abin lura shi ne a kan teburin kasuwa aka ɗauki samfurin, bayan naman ya sha rana da ƙuda. Gwamnati ta taƙaita shigo da kajin daga 2005, masu kiwo na gida suka farfaɗo. Senegal ita ma ta rufe ƙofa a ƙarshen 2005 da sunan murar tsuntsaye, ba ta sake buɗewa ba, kuma kiwon kajinta ya ninka sau da yawa.

Wanda ya ji wannan zai ce ai magani ya samu, a haramta kawai. Najeriya ta nuna abin bai kai nan sauƙi ba. Tun 2003 daskararrun kaji ke cikin jerin kayan da kwastam ta haramta, amma sai tashar Kwatano ta zama ɗaya daga cikin manyan masu karɓar kajin Turai a yammacin Afirka, fiye da abin da mutanen Benin za su iya ci. Sauran ta Seme da Idiroko da hanyoyin daji yake bi, a but ɗin mota da bayan babur, ba firiza ba ƙanƙara. Jami'an kwastam sun sha binne katan-katan a gaban 'yan jarida, hukumar NAFDAC ta sha gargaɗin cewa masu fasa-ƙwauri na amfani da sinadarin adana gawa don kada naman ya yi wari. Rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 ya rage kwararar, ya kuma tayar da farashi. Kayan da doka ta ce babu shi, babu mai gwada shi. Haramcin ya taimaki masu gonakin kaji na Ibadan da Kano da Jos, wannan gaskiya ne, amma talakan da ke sayen arha ya koma cin nama mafi haɗari.

Bambancin Senegal da Najeriya ba na rubutun doka ba ne. Senegal ta iya sa wa mashigarta ido. Najeriya na da maƙwabciya wadda sake fitar da kaya ya zama mata sana'a. Sudan a yau ta fi kusa da Najeriya: doguwar iyaka da Masar, wata da Habasha ta Gallabat a gefen Gadarif, ga hankalin hukuma yana wajen yaƙi. Ghana kuwa ta bi ɗaya hanyar, ta bar ƙofa a buɗe. A 2003 majalisarta ta ƙara harajin kaji, gwamnati ta janye ƙarin bayan matsin lambar Asusun Ba da Lamuni na Duniya, yau mafi yawan kazar da ake soyawa a zangon Nima da na Kumasi daga jirgin ruwa ta sauko.

Ita kanta takardar ba ta fi ƙarfin tambaya ba. Brazil ce kan gaba a duniya wajen fitar da kaji, ita ce kuma babbar mai sayar wa ƙasashen Musulmi. A watan Maris na 2017 'yan sandanta suka bankaɗo yadda ake bai wa wasu jami'an duba nama cin hanci su sa hannu a kan abin da ba su duba ba. A watan Mayun 2025 murar tsuntsaye ta ɓulla a wata gonar kasuwanci a garin Montenegro da ke kudancin ƙasar. China da Tarayyar Turai suka dakatar da sayen kajin ƙasar baki ɗaya, Saudiyya da Japan suka taƙaita haramcin ga yankin da cutar ta ɓulla, domin haka suka rubuta tun farko a yarjejeniyarsu da Brazil. Ƙasar da ta zauna ta rubuta sharuɗɗanta kafin masifa ta san abin da za ta yi ran da ta zo. Haka batun halal: Saudiyya ta kafa wa masu sayar mata sharaɗi a kan sumar da kaza da lantarki kafin yanka, don tana da kuɗin da za a saurare ta. Ƙaramin mai saye hatimin da aka buga masa kawai yake gani.

Kuma kada a ɗauka kazar gida tsarkakakkiya ce don ta gida ce. A watan Fabrairun 2006 murar tsuntsaye ta H5N1 ta fara bayyana a Afirka a wata gona a Jaji ta jihar Kaduna, cikin makonni ta isa Magariya a Nijar, zuwa Afrilu an tabbatar da ita a Khartoum da Jazira. Yawan ɗura wa kaji maganin kashe ƙwayoyin cuta ba tare da likita ba ma matsala ce daga Kano har Gadarif. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa gurɓataccen abinci na kwantar da mutum miliyan 91 a Afirka duk shekara, yana kashe 137,000, kuma ƙiyasin bai ware na gida da na waje ba.

Kuskuren da gwamnatoci ke yawan yi shi ne cusa buƙatu biyu a riga ɗaya. Kare mai kiwo da manomin dawa buƙata ce halattacciya, kayan aikinta haraji ne da ƙayyade adadi da wa'adi, a faɗe ta da sunanta a teburin ciniki. Kare cikin mai ci kuwa aikin ma'aunin sanyi ne a cikin kwantena, da ɗaukar samfuri a kasuwa ba a tashar ruwa kaɗai ba, da hana lasisi ga ɗan kasuwar da ba shi da ɗakin sanyi mai janareta. Idan aka fake da ta biyu don cimma ta farko, abokin ciniki mai ƙarfi zai ƙwance hujjar kamar yadda aka yi wa Afirka ta Kudu, mai fasa-ƙwauri kuma ya cike giɓin kamar yadda ake yi a Seme.

A ƙauyukan Simsim har yanzu kaza da ranta ake saye, a yanka a tsakar gida, kuma rashin wuta ya sa katan ɗin daskararre bai samu wurin zama ba. Inda za a fara jin tasirin shi ne kasuwar amfanin gona ta Gadarif, lokacin da dawar kaka ke sauka tsakanin Nuwamba da Janairu, a ga ko masu haɗa abincin kaji na Khartoum sun dawo layin masu taya buhu.