Lokoja: Unguwar Bakin Kogi da Hakkin Ƙaramar Hukuma

Garin Lokoja yana zaune ne a mahaɗar Kogin Kwara da na Binuwai, unguwar Kabawa kuwa tana dab da bakin ruwa. Masunta da masu jiragen ruwa da 'yan kasuwar wurin, abincinsu a kogin yake, masifarsu ma daga gare shi take zuwa.

A shekarar 2012 ambaliya ta ci gidajen bakin kogi, ta yanke hanyar Abuja. A 2022 ta sake. Akan ɗora laifin a kan madatsar ruwa ta Lagdo da ke Kamaru, wadda in ta cika akan saki ruwanta ya gangaro ta Binuwai. Lalle akwai gaskiya a nan, amma da sauran magana.

Tare kogi ya fi ƙarfin ƙaramar hukuma. Amma tsarin mulki na 1999 ya ɗora mata gyaran magudanan ruwa da kwashe shara. Lambatun da shara ta toshe, shi ke riƙe ruwa cikin unguwa bayan kogi ya janye, sai sauro da amai da gudawa su biyo baya.

A watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa bai wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Saboda haka ya wajaba masu unguwa da limamai su tambayi shugaban ƙaramar hukuma: nawa ya shigo, nawa aka kashe a magudanai, ina kuma aka tanada don saukar jama'a kafin kogi ya cika a watan Satumba? Ce wa talaka ya tashi, alhali ba a nuna masa masauki ba, ba agaji ba ne.